Kowane Tarago Da Kan Jirgin Zamaninsa

Ni mutumin ƙasar da jirgin ƙasa ba ya gudu a cikinta ne. Layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku tun 1936, bai ƙaraso mana Nijar ba. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso kuwa, an yi bikin buɗe tasharsa a 2014, amma ba mu ga ana jigilar fasinja a kansa ba. Saboda haka mai karatu yana da damar ya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mai gabatar da shiri a rediyo daga Damagaram da zancen kan jirgi da tarago? Amsar ita ce, wata kunya da na sha a gaban makirfo, jama'a suna saurare.

Shekarun baya kaɗan tasharmu ta shirya wasan kwaikwayo na mako-mako. Ni na rubuta, ni kuma na haɗa sautinsa. Labarin wani saurayi ne da ya bar Damagaram a 1947, ya bi ayari ta Matamaye da Daura ya shiga Kano, daga nan ya hau jirgi zuwa Ikko neman mahaifinsa da ya tafi fataucin goro bai dawo ba. Da na zo wurin hawa jirgin, sai na shiga intanet na ɗauko kukan jirgi na farko da na ci karo da shi, wani ƙaho mai kauri da gurnanin inji a ƙarƙashinsa. Ya yi mini daɗi a kunne, na ɗora, muka watsa. Bayan an gama muka buɗe layi kamar kullum, sai ga muryar wani dattijo.

Ya ce, "Ɗana, kai ka tsara wasan nan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To, sannu da ƙoƙari. Amma jirgin nan da ka sa, ba shi muka hau ba. Na bi mahaifina hanyar nan ina yaro. Namu haki yake yi kamar ingarman da ya sha sukuwa, kukansa siriri ne kamar usur. Wannan naka mai shan gazuwal ne, sai da na isa aure na fara ganin irinsa. Ina jin kukansa na ce wa jikokina, wanda ya rubuta abin nan bai tambayi kowa ba. Yanzu sauran labarin ban san inda zan yarda da kai ba."

Na yi masa godiya, na sa kiɗa, gumi yana keto mini. Da na bincika, Baba ne da gaskiya: sai a 1955 kawunan jirgi masu dizal suka fara aiki a layin dogon Nijeriya. A 1947 kwal da tururi ne ke jan fasinja daga Kano zuwa Zariya, Kaduna, Jabba, Ilori, Badun, har bakin teku. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni kuwa na sa wa jirgin 1947 kukan wani gida.

Garin neman sautin da zan gyara kuskurena ne na faɗa cikin hotunan bidiyon wasu mutane da ban san da zamansu a duniya ba, wato masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa a kan tebur. Sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila da Jamus da Japan. Asalinta ɗaya da motar kara da ta langa-langa da muka ƙera muna yara, sai dai su da furfurarsu suke yi, kuma da ma'auni. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda suke kira HO, ana rage komai sau 87, ta yadda taragon fasinja mai tsawon kusan mita 26 zai dawo kimanin santimita 30. Kamfanoni irin su Märklin da Hornby da Lionel sun daɗe suna ƙera musu kaya. A birnin Hambog ma akwai gidan kallo na irin waɗannan jirage da aka buɗe a 2001, mutane suna zuwa daga ƙasashe don su gani.

Abin da ya tsayar da ni a wurinsu tambaya ɗaya ce da suke yawan tafka muhawara a kanta: ga taraguna na fasinja, wane kan jirgi ne ya dace ya ja su? Da farko na yi dariya. A raina na ce, abin wasa ne, in ƙugiya ta kama ƙugiya ai shi ke nan. Da na saurari yadda suke warware ta, sai na ga sun fi mu, mu masu rubuta labari da shirya fim da wasan rediyo, girmama zamani nesa ba kusa ba. Bari in kawo yadda suke yi, sannan in dawo kanmu.

A ce mutum ya mallaki taragu shida irin na kamfanin Pullman na Amurka, waɗanda aka yi ta ƙerawa da ƙarfe mai nauyi daga wajejen 1910 zuwa farkon shekarun 1930, masu fenti kore mai duhu, kowanne da ƙafa goma sha biyu. Tambayar farko da za a yi masa ita ce, wace shekara kake nufi? In ya ce 1925, to a yawancin layuka sai kan jirgi mai tururi, kuma wanda ya fi dacewa shi ne irin da ake kira Pacific, mai ƙananan ƙafafu huɗu a gaba, manya shida a tsakiya, biyu a baya. Kamfanin Pennsylvania ya fara ƙera nasa, K4, a 1914, aka yi guda 425, suka yi aiki har 1957. In mutumin ya ce yana son irin da ake kira Hudson na kamfanin New York Central, sai a ce masa ya matsa gaba kaɗan, don sai 1927 aka yi na farko. In kuwa taragun nasa masu sheƙi ne kamar azurfa, marasa nauyi, to labari ya sauya. Irinsu sun fito ne daga 1934, shekarar da jirgin Zephyr mai dizal ya yi gudu daga Denba zuwa Shikago, mil 1,015, cikin awa 13 da minti 5 ba tsayawa.

Tambaya ta biyu, na wane kamfani ne, kuma a wane yanki? Kafin 1971 kamfanoni masu zaman kansu ne ke jigilar fasinja a Amurka, kowanne da layinsa da fentinsa. Ranar 1 ga Mayu 1971 Amtrak ta karɓi yawancin aikin. Kan jirgi mai tambarin Amtrak a gaban taragun da aka ce na 1950 ne, kamar ka ga hoton bikin samun mulkin kai ne wani yana riƙe da wayar salula. Turawan Ingila ma haka suke. Shahararren kan jirgin nan nasu, Flying Scotsman, an ƙera shi a 1923, ya daɗe yana ɗauke da lamba 4472 da koren fenti mai haske, yana jan taragun katako masu sheƙin baniis. Bayan gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa a 1948 lambarsa ta koma 60103, aka sallame shi daga aiki a farkon 1963. Taragu masu shuɗi da toka-toka sai bayan haka suka yaɗu. Ƙarfe ɗaya ne, amma lambar da ke jikinsa da launinsa su ke faɗin shekarar da ake ciki. Masu wannan sha'awa a ƙasashen Turai har sun raba tarihin jirgin ƙasa zuwa zamuna shida, kamfanoni suna buga lambar zamanin a jikin kwali don kada mai saye ya haɗa jika da kakan da ba su taɓa ganin juna ba.

Tambaya ta uku ita ta fi burge ni: shin wannan kan jirgi aikinsa ke nan? Mai jan fasinja manyan ƙafafu gare shi don gudu, na K4 sun kai kusan mita biyu. Mai jan kaya nasa ƙanana ne don ƙarfi. Sabon shiga yakan ruga ya sayi Big Boy, ƙaton kan jirgin da aka fara yi wa kamfanin Union Pacific a 1941, don ya fi kowanne cika ido, ya ɗaura masa taragun fasinja. Sai a tuna masa cewa don jan kaya a kan tsaunuka aka yi shi. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tsofaffin taragun fasinja da tururin da ke zuwa daga kan jirgi ta cikin bututu ake ɗumama su lokacin sanyi. Da dizal ya shigo, sai da aka riƙa sa wa masu jan fasinja wata ƴar tukunyar tururi a ciki don wannan aiki kaɗai, masu jan kaya kuwa yawancinsu ba su da ita. Sabbin taragun da Amtrak ta kawo a 1975 kuma da lantarki suke ɗumi da sanyi da haske, dole sai kan jirgin da ke ba da lantarki, irin F40PH da ya fito a 1976. Wato in ka haɗa ba daidai ba, jirgi zai tafi, amma da a gaske ne, fasinja za su kwana suna rawar ɗari.

Daga cikin wannan duka akwai ƙa'ida guda da na riƙe, wadda ban taɓa ji a ajin koyon aikin jarida ba. Tsohon abu yana iya daɗewa ya tarar da sabon zamani, amma abin da ba a haifa ba ba ya halartar taro. Taragun Pullman na 1925 sun ci gaba da aiki a bayan kawunan dizal har cikin shekarun 1960, don kamfani ba ya zubar da tarago saboda ya sayi sabon inji. A farkon zamanin Amtrak ma jirgi ɗaya yakan fito da taragu masu launi iri-iri da aka gada daga kamfanoni daban-daban. Saboda haka abu mafi sabunta a cikin jerin shi ke yanke shekara, kuma jerin da komai nasa sa'ar juna ne, fes kamar yau aka fito da su daga masana'anta, shi ma ƙarya yake yi.

To, yanzu mu dawo gida. In na auna labaranmu na "zamanin da" da wannan ma'auni, ina ganin aibu uku, kuma na fara da kaina.

Na farko shi ne wanda Baba ya kama ni da shi, kawo abin da ba a haifa ba. Sau nawa muka ji mutumin zamanin Sardauna yana ciniki da naira, alhali sai 1 ga Janairu 1973 ta maye gurbin fam da sule da sisi da taro? Sau nawa aka ce "Jihar Kano" a labarin 1950, alhali lardi ake da shi da En'e, jihohi sai 1967? Mu ma a nan, sefa ba ta zo ba sai ƙarshen 1945, kuma wanda ya kira Yamai babban birni a labarin 1920 ya manta cewa Damagaram ke riƙe da matsayin kafin a mayar da shi can a 1926. A fim kuwa, butar roba a kusurwar fada, da agogo a hannun ɗan sarki mai shirin fita yaƙi da kwari da baka, da turakun lantarki a bayan dawaki. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na biyu kishiyar na farko ne, kuma masu yinsa suna zaton sun tsira. Don gudun kuskure sai su share komai, su bar ƙwarya da fata da bukka, su ce zamanin da ke nan, ba shekara ba wata. Amma Kanon da saurayina ya shiga a 1947 ta shekara fiye da talatin tana jin kukan jirgin ƙasa, don layin ya iso ta tun 1911. Jirgin sama ya fara sauka a cikinta a 1925. Ana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Akwai keke, akwai keken ɗinki, akwai sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama da labarai a bakinsu. A wannan garin dai raƙuma suna durƙusawa da kayan Azbin, jakuna suna shigo da gyaɗa. Tsohon tarago ne a bayan sabon inji, kuma daɗin wancan zamani yana cikin wannan cakuɗuwar. Wanda ya share ta ya mayar da kakanninmu mutanen da ba su taɓa ganin sauyi ba, alhali sun ga wanda ya fi namu girgiza rai.

Na uku shi ya fi damuna, don ba a gyara shi da sauya kaya. Za ka ga an yi ƙoƙari wajen tufafi da gini da kayan ɗaki, amma abin da ke jan labarin, wato tunanin mutane da harshensu da abin da suke tsoro da abin da suke jin kunyarsa, na yau ne. Budurwar 1940 tana zance da saurayi kamar suna hira a WhatsApp. Hakimi yana jawabi da kalmomin taron ƙara wa juna sani. Ɗa yana kallon idon mahaifinsa yana jera masa hujjoji ɗaya, biyu, uku. Ba na cewa mutanen da ba su yi soyayya ko tawaye ba, sun yi, amma ta hanyarsu: ta aike, ta habaici, ta yaji, ta shiga uwa duniya. Marubucin da bai nemi waɗannan hanyoyi ba ya ɗaura injin yau a gaban taragun jiya, bututun ɗumi bai haɗu ba, mai karatu yana ciki yana jin sanyi ko da bai san daga ina yake shigowa ba.

Wanda yake son ya ga yadda ake yi da kyau ya koma wa littafin Sembène Ousmane na 1960, Les bouts de bois de Dieu, wanda da yawanmu muka karanta a lakwal. A kan yajin aikin ma'aikatan layin Dakar zuwa kogin Neja ne, na 1947 zuwa 1948, daidai da shekarar wasana. Jirgin da ke cikinsa ba ado ba ne. Jigon littafin direban jirgi ne, kuma rayuwar garin Thiès duka ta rataya a kan ma'aikatar gyaran jirage. Jirgi mai tururi yana cin mutane da yawa: mai tuƙi, mai zuba kwal, masu ba shi ruwa, masu fasa toka, maƙera. Shi ya sa da ya tsaya, tukunya ta tsaya a gidaje. In ka cire wannan inji ka sa wani, labarin ma ya rushe. A nan na gane abin da ya sosa wa Baba rai. Sautin da na sauya ya tafi da tartsatsin da ke huda riga, da baƙin hayaƙin da ke shiga ido, da tsayawa shan ruwa inda mata ke rugowa da tallan abinci. Na share masa tafiyar da ya yi da mahaifinsa.

Sai dai kada a ce na sayi ra'ayin masu ƙananan jirage da tsadar gaske ban duba aibinsa ba. A cikinsu akwai waɗanda su da kansu suke yi wa laƙabi da masu ƙirga ƙusoshi, mutanen da za su tsaya a gaban aikin da wani ya shekara biyar yana yi, ba su ga komai ba sai taga ɗaya da ta yi yawa. Irin wannan sharhi yana kashe gwiwa, kuma muna da irinsa a cikinmu. Ba kowane saɓani ne ke cutar da labari ba. Fim ɗin Back to the Future kashi na uku ya ce a 1885 ake, kan jirgin da aka yi amfani da shi kuwa a 1891 aka ƙera shi. Shekara shida ce, kuma irin jiragen wancan zamani ne, babu abin da ya ragu a fahimtar mai kallo. Big Boy ɗin ma da na ce na kaya ne, an farfaɗo da guda ɗaya a 2019 yana jan taragun ƴan yawon buɗe ido, wanda ya ce teburinsa 2019 yake nunawa ya kuɓuta. Tatsuniya kuma dokarta daban, ba wanda zai tambayi Gizo shekarar da ya auri Ƙoƙi. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne: shin kuskuren ya sauya yadda mutane suka rayu? In ya sauya, laifi ne. In bai sauya ba, a faɗa cikin raha a wuce.

Suna da wata magana da suke kashe gardama da ita, cewa tebur na mai shi ne, ya gudanar da abin da ya ga dama. Gaskiya ne, a ɗakinsa yake, da kuɗinsa ya saya. Amma mu wannan uzuri bai rufe mu ba. Rediyo ba teburin ɗakina ba ne. Akwai dubban masu saurare da ba za su taɓa buɗe littafin tarihi ba, abin da suka ji a wasan kwaikwayo ko suka gani a fim shi zai zauna musu a matsayin yadda aka yi. Da zarar marubuci ya rubuta shekara a farkon labarinsa, ya ɗauki alkawari. In ba zai iya cikawa ba, ya ce "a wani zamani a wani gari" ya huta, ba wanda zai kama shi.

Abin da nake roƙon ƴan'uwana marubuta bai fi tambayoyin nan uku ba, a yi wa kowane abu da aka sa a labari: an haife shi a shekarar? Ya iso wannan wuri? Aikin da na ba shi, aikinsa ne? Mu ba mu da kwali mai lambar zamani, amma muna da tsofaffin jaridu da hotuna, muna kuma da waɗanda suka fi su, dattawan da suka hau jirgin da ƙafarsu. Su ne kullum suke raguwa. Baturen da ke son sanin fentin taragon 1950 zai buɗe littafi ya gani, mu kuwa in Baba ya tafi, wani abin ya tafi ke nan.

Na nemi lambar dattijon nan, na je har gida na zauna a gabansa da rakoda yini guda. Muka sake ɗaukar kashin wasan da haki da usur na jirgi mai tururi, na ƙara wurin da tartsatsi ya huda wa saurayin hula. Na so in ambaci irin kawunan jirgin nan da aka raɗa wa sunayen koguna, sai na tarar daga 1948 suka fara isowa Nijeriya, na haƙura na cire, shekara ɗaya ta raba mu. Bayan an sake watsawa na kira shi na ce, "Baba, yaya ka ji?"

Ya ce, "Yauwa, ɗana, yanzu ka sa mu a jirginmu. Saura mai sayar da tikitin nan naka, ya cika fara'a. Na lokacinmu ko kallonka ba ya yi."

Shi ma na rubuta na ajiye. Wanda ya ga inda na sake haɗa kai da taragon da ba nasa ba a cikin wannan rubutu, don Allah ya gyara mini. Allah Ya sa mu dace.